Fitila Huɗu a Zauren Kaka

Har yau in na ji ƙaurin dalmar liƙa waya, unguwarmu Bulumkutu a Maiduguri nake tunowa, a shekarun da gari ya rikice aka rufe mana makaranta.

Kawuna mai gyaran rediyo ne a Kasuwar Kwastam. Da ya gaji da ganina ina zaman banza, sai ya zo da ɗan katako, da batir, da wayoyi, da ƙananan fitilu ja guda huɗu, da wasu baƙaƙen abubuwa biyu masu ƙafafu kamar kyankyaso, wai aisi. Ɗaya yana bugawa kamar zuciya, ɗayan yana ƙirga bugun. Ya ce in fara daga dama kamar karatun allo: fitilar farko ɗaya ce, ta biyu biyu, ta uku huɗu, ta ƙarshe takwas. Waɗanda suka kama kaɗai ake tarawa. Na ƙona yatsa ba adadi, na juya ƙafar fitila ta ƙi kamawa, Kawu yana ta yi mini dariya. Ranar da abin ya fara ƙyaftawa daidai, wallahi ko abinci ban nema ba.

To, kai da ba ka zauna Maiduguri a lokacin ba, ka san me batir da waya da wuta mai ƙirga ke nufi a idon mutane? Maƙwabciyarmu ta leƙo ta gani, kafin la'asar unguwa ta ɗauka ana haɗa bam a gidanmu. Innata ta rikice. Ta ce a jefa shi masai kafin masu sintiri su zo su tafi da ƙaninta, kuma ba ƙarya ta yi ba, an tafi da mutane a kan abin da bai kai wannan ba. Ni kuwa na ƙanƙame katakona ina kuka, haushin kowa nake ji.

Kakata ce ta karɓe shi. Tsohuwa ce mai taurin kai, Hausarta duk Barbarci. Ta ce an hana jikarta makaranta, ba za a hana ta wannan ba. Ta shimfiɗa tabarma a zaure, ta buɗe ƙofa, ta ɗora abin a cinyarta, ta zaunar da ni a gefe.

Da masu sintirin suka iso, ta yi musu wushe, sannun Barebari, kamar baƙin bikin suna. Babbansu ya tsaya daga bakin ƙofa, idonsa a kan fitilun. Kaka ta zungure ni in ƙirga. Na kama: tara, goma, sha ɗaya.

"Kaka, in ya kai ƙarshe me zai faru?" in ji shi.

"Tsaya ka gani, ɗana. A cinyata yake."

Sha biyar, duka huɗun suka kama. Na ga babban nasu yana ja da baya. Sai fitilun suka mutu gaba ɗaya. Can ta dama ta kama ita kaɗai.

"Ɗaya," na ce.

"Ka gani? Daga farko yake sakewa," in ji Kaka. Ya sunkuyar da kai, ya roƙi ruwan sha.

Yanzu ni nake koya wa yara wannan haɗin, suna ɗauka a waya suna dariya, ba mai gudu. Kaka ta rasu, katakon yana nan. Ban taɓa sa shi a akwati ba, a zaure yake.