Kaftanin da ya kai mu Barcelona

Mun tashi da asuba daga Abu Hail, ni da abokiyata da muke haya ɗaki ɗaya, muka ja akwatuna zuwa bakin titi. Rana ba ta fito ba, amma zafin Dubai ya riga mu tashi, gumi har cikin mayafi. Direban tasi ya ji mun ce Barcelona za mu, ya tambaya ko ƙwallo za mu kallo. Na ce masa yalla, ja mota malam, ni ba ruwana da ƙwallo.

Ku da kuke bibiyata kun san ba can na yi niyya ba. Lisbon na sa a gaba tun bara, kuma na karance ta tsaf: iska mai sanyi, gasasshen kifi, masauki da sauƙi, mutane ba hayaniya. Ni kuwa ma'aikaciyar jinya ce, hayaniya ta ishe ni a asibiti. Barcelona fa? Cunkoso, tsada, ga 'yan sane. Hutun 'yan kwanaki ba ya ɗaukar gari biyu, kuma tun wajen neman biza sai ka faɗi inda ka dosa. Duk sanda na tambayi abokiyar tawa, 'yar zangon Kumasi da ke aiki a wani otal, sai ta ce, "Yaya, duk inda kika zaɓa."

A unguwar Satwa asirinta ya tonu. Ta raka ni gyaran abaya, sai na ga ta miƙa wa tela farar shadda, ta ce a ɗinka kaftani. Na ce, "Ke, miji kika yi ba labari?" Ta yi dariya, dariyar ta koma kuka. Ashe ƙaninta yana Barcelona. Ta sahara da teku ya bi, shekaru ke nan ba wanda ya sa shi a ido. Hotuna kawai yake turowa a gaban manyan motoci, yana cewa a ofis yake aiki, kiran bidiyo kuwa ba ya ɗagawa. Mahaifiyarsu ba ta da lafiya, ta ce hankalinta ba zai kwanta ba sai wani jininta ya taɓa shi da hannu. Duk wannan yarinyar nan ta haɗiye, wai kada ta ɓata mini hutu. Kara har ina? Nan take na ce halas, magana ta ƙare, Lisbon ta jira. Matsala ɗaya ta rage: da aka gaya masa muna tafe, cewa ya yi aiki ya yi masa yawa, sai ya gani.

Kilishi na hana ta ɗauka, don Turawa ba sa barin nama ya shiga musu. Yaji da kuka da garin rogo kuwa sun cinye rabin akwatinta.

Mun sauka da azahar, muka shiga bas zuwa tsakiyar gari. Abin da ya fara burge ni shi ne mutum ya yi tafiyar ƙafa da rana tsaka bai narke ba. Tituna a miƙe, bishiyoyi jere, tsofaffi zaune a benci suna kallon duniya. Ɗakin da muka kama kuwa, in kika buɗe akwati sai ɗayarku ta hau gado. Ruwan gora ya fi na Dubai tsada, amma 'ya'yan itacen kasuwa sun biya ni. Akwai wata tsohuwar unguwa mai lunguna da ke cike da mahautan halal, can muka riƙa cin abinci. Na gwada shinkafarsu da ake ta zuzutawa: dafa-duka ce da kayan teku, sai dai an manta da barkono. Yajin da na yi wa tsiya shi ya cece ni. Magariba kuma ba ta yi sai kin gaji da jira. Jakata dai a ƙirji na rungume ta kamar jaririya, ba ɗan sanen da ya ga wuri.

Kwana biyu yaro bai amsa waya ba. Ita ko abincin kirki ba ta ci. Ni na ce mata zai zo, don na san ba a jin ƙamshin gida a ƙi leƙowa.

A rana ta uku da safe muna tafe ta bayan wasu tsofaffin masana'antu, muna neman hanyar bakin teku, sai ga wani saurayi baƙi a tsallaken titi. Keken zuba sayayya na kanti yake turawa, cike da tsofaffin ƙarafa da wayoyin lantarki, hannunsa duk baƙin mai. Goshinsu ɗaya da abokiyata, ko makaho ya shafa ya gane. Ita kuwa ta juya ta ƙura wa wani shagon takalma ido, ta ce, "Yaya, dubi wancan jan, zai yi miki kyau." Na ce ai kuwa. Muka tsaya muna yabon takalmin da ba mu so har ƙarar keken ta ɓace.

Da la'asar saƙonsa ya shigo: mu haɗu a bakin teku. Ya zo fes, ya sha wanka, da turare. Ya durƙusa ya gaishe ta, ta kama kansa da hannu biyu, ta daɗe ba ta saki ba. Wallahi na yi kuka, ban ɓoye ba. Ta tambaye shi ya ofis, ya ce alhamdulillahi. Ya zura kaftanin a kan rigarsa, ta kira Kumasi. Tsohuwa ta leƙo fuska a waya, abokiyata ta ɗora tafinta a kumatunsa ta ce, "Mma, ga shi, na taɓa shi." Abin da tsohuwar ta ce ban ji ba, na matsa gefe ina kallon Turawa suna gasa kansu a rana.

A jirgin dawowa na ce maganar keken nan ba daga bakina ba. Sai da muka hango fitilun Dubai ta ce, "Shi ma ya gan mu, Yaya. Ya san na gan shi. Shi ya sa ya zo."

Muka shigo gida, zafi ya tarbe mu kamar yana bin mu bashin gaisuwa. Masu tambayata wanne ya fi tsakanin Lisbon da Barcelona, ga amsa: in hutu kike nema, har gobe ina jin Lisbon ce, kuma zan je. Amma kafin ki yanki tikiti, in abokiyar tafiyarki ta ce duk inda kika zaɓa, kada ki yarda. Ki raka ta wajen tela tukuna.