Ciyawar da Ayu Ya Ci

Yayana ne ya koya mini sanin dabba daga abin da ta bari a bakin gulbi. Ba shi da haƙuri ko kaɗan. In na ce sawun dila ne alhali na karen gida ne, sai ya ce idanuna na ado ne. Wurinsa na san dorina na hawa tudu kiwo, ta bar rami kamar turmi cikin laka, guza kuwa jan wutsiya yake yi. Ayu kaɗai ne bai taɓa nuna mini ba. Shi ba ya fitowa, balle ya bar sawu. Sai dai ka ga ciyawar burgu na yawo bisa ruwa, an cinye ta daga ƙasa.

Da yayana ya rasu na daina zuwa. In saida albasata a kasuwar Malanville, in koma gida in rufe ƙofa, shi ke nan.

Wata safiya da ruwa ya cika, na bi gaɓa can gaba da kadarko, sai ga ciyawar nan, an yi mata irin cin da yayana ya faɗa. Na juya in kira shi, wallahi har na buɗe baki. Masu wankin babur da ke wurin sunka ce ayu ai zancen tsofaffi ne. Ban tsaya musu ba. Na tsamo ciyawar, na ɗaure bayan keke, sai ƙauyen Garou, wurin wani tsohon masunci abokin yayana. Shi kaɗai ya rage da zai iya ce mini eh ko a'a.

Na iske idonsa ya tahi. Ya shafa karan, ya sunsuna, ya ce, "Ayu ne, ƙanena. Ya komo."

Daɗi ya kama ni har na kasa shan furar da anka kawo. Ji na yi kamar yayana na zaune gefen tabarmar.

Ɗiyarsa ta rako ni bakin zaure, tana ta murza bakin zanenta, ta ce mini, "Baba, ka yi haƙuri. Ko harawar awaki ka miƙa masa, haka yake cewa. Tun bara."

Na koma bakin gulbin da la'asar, ruwa ya tahi da sauran ciyawar. Wadda na tsamo tana nan rataye a ɗakina, ta bushe. Har yau ban san mi ya ci ta ba, kuma ba ni da wanda zan tambaya.