Taliyata da janareton Nura

"Hajiya, taliyarki ta fara warin gidan mai," in ji maƙwabciyata Binta, tana dariya, ta miƙo min ledar da ta saya jiya.

Na shinshina. Wallahi da gaskiyarta.

Tun da banki ya ba ɗana Nura rance ya ƙaro kekunan ɗinki a zaure, janaretonsa bai huta ba. Hayaƙin kuwa a kan igiyar da nake shanya taliyar murji yake sauka. Haka lungunmu na Sheshe ya koma, duk wanda kasuwa ta buɗe wa sai ya sayo nasa janareton.

Na kira shi. "Nura, ba a haka na tarbiyyantar da kai ba. Kai ka samu, maƙwabta su yi ta tari?"

"Umma, ci gaba ne fa!"

"Ci gaban naka mutane za su ci da mai da yaji? Bankin da ya ba ka rancen kekuna, ba ya bayar da na sola?"

Ya sosa ƙeya. Ashe suna bayarwa, shi ne bai tambaya ba.

Yanzu sola na kan soro, inji ya yi shiru, Binta ta dawo sayen taliya.

Iyaye, idan Allah ya buɗa wa yaranku, ku tambaye su ina hayaƙin yake zuwa. Ku a lungunku, wa yake shaƙarsa?