Ƙasimu Direba Ya Zama Turis

A unguwar Talladjé ta Yamai in ka ce Ƙasimu kawai, za a tambaye ka wanne. In ka ce Ƙasimu mai Nasara, wato mai Turawa, kowa zai nuna maka ƙofar gidansa. Mutumin Tahoua ne. Ya zo Yamai yana saurayi, ya fara da wankin mota a tasha, ya yi karen mota, har ya samu takardar tuƙi ya shiga wani kamfanin yawo da baƙi. Rabin rayuwarsa a kat-kat, motar shiga daji, ya yi shi, yana kai Turawa Kouré kallon raƙuman dawa, ko Ayorou kallon dorina. Ya san wanda zai yi amai a hanya tun daga yadda ya shiga mota. Abu ɗaya ne bai taɓa ganewa ba: abin da suke gani a tsohon bango. Yana cikin gudu sai a kwatsa masa, "Ƙasimu, tsaya, tsaya!" Ya taka birki yana zaton ya take wani, ashe rumbu aka gani.

Da baƙi suka daina zuwa, ya ajiye tuƙi ya koma zaman fada a ƙofar shagon abokinsa Lawali tela, inda ake dafa shayi ana gyara duniya da baki.

Ana nan sai 'yarsa Farida, wadda ke karatun kwamfuta a Tallinn, babban birnin Estoniya, ta aiko cewa ta gama, a zo bikin karɓar takarda, daga nan ta zaga da su tsohon gari. Uwarta Hajiya Hawwa ta ce gwiwarta da jirgin sama ba sa ga maciji, Malam ya je ya wakilce ta. Ƙasimu ya iso fada yana gyaran murya.

"Jama'a," ya ce, "juyi ya zo kaina. Ni ne turis, ɗan yawon buɗe ido."

Ya sa Lawali ya ɗinka masa 'yar shara mai aljihu ko'ina, irin wadda baƙinsa suke sawa. Ya sayi malfa. Ya cika leda da alawa, don rabawa yaran da za su biyo motarsa. Sannan ya kira Farida ta bidiyo don a tsara hanya.

"Direban da zai ɗauke ni, ki samo mai haƙuri. Zan dinga tsayar da shi."

"Baba, tsohon gari da ƙafa ake zaga shi."

"Da ƙafa? In keta duniya don in yi tafiyar ƙasa? To, wace dabba gare su?"

"Tattabaru, Baba."

Ya ce, "Me ake kallo ke nan?"

"Ganuwa, da hasumiyoyi, da wani tsohon farmasi mai tarihi."

Ya juya wajen matarsa. "Hajiya, kin ji? Farmasi za a kai ni."

"Madalla," in ji ta, tana tsinkar zogale. "Ka taho mini da man gwiwa."

Babban tsoronsa sanyi. Wani a fada ya ce a can in ka tofar da yawu, ƙanƙara ke faɗuwa ƙasa. Don haka Ƙasimu ya tafi Gamkalley wajen Harouna mai sayar da kifi, ya roƙi a bar shi ya dinga shiga ɗakin sanyi don jiki ya saba. Ya sa manto, babbar rigar sanyi, ya zauna a kan kwalin kifi yana jan carbi, haƙora na kaɗawa. Bai yi mako ba mura ta kwantar da shi, manton kuwa ya ɗauki ƙarnin da duk inda ya bi maguna na biye. Hajiya ta rataye shi a bayan gida ta ce kada ya sake shigo mata ɗaki. Yana kwance yana sheƙar hayaƙin magani Farida ta kira.

"Baba, wa ya ce ka yi haka? A watan Yuni za ka zo. Lokacin zafinsu ne, rana ma da ƙyar take faɗuwa."

Wannan ta tayar da wata ƙurar. Washegari ya tare liman bayan azahar yana tambayar yadda ake magariba a garin da rana ta ƙi tafiya. Liman ya ce ya bi masallacin garin, ya kuma gode wa Allah ba azumi ba ne.

Ranar biki a Tallinn ya sha babbar rigar shadda da hula, ya yi kuka lokacin da aka kira sunan 'yarsa, ya ce mura ce. Daga nan Farida ta ja shi kai tsaye tsohon gari, bai samu komawa masauki ya sa 'yar shararsa ba. Titunan duk jeren duwatsu ne, takalminsa na zamewa. Ya fito da alawa zai miƙa wa wani yaro, Farida ta riƙe masa hannu ta ce a nan 'yan sanda ake kira wa mai yin haka. Ya mayar yana ta mamakin ƙasar da kyauta ta zama laifi.

A babban dandali kuwa, wasu baƙi da suka sauko daga jirgin ruwa suka yi masa caa, kowa na son hoto da shi. Wata tsohuwa ta tambayi Farida ko sarki ne. Ƙasimu ya gyara tsayuwa, ya baza hannun riga, ya ce a gaya mata ba a cika faɗa ba.

Da la'asar, a wani siririn lungu, shi da kansa ya ja birki.

"Farida, tsaya!"

Wata tsohuwar ƙofa ce ta katako mai manyan ƙusoshi, irin ta zauren kakansa a Tahoua, wadda aka cire aka sa ta ƙarfe tun yana yaro. Ya daɗe yana shafa ta. Ya ɗauki hotonta ta gaba da ta gefe, Farida ta ƙyale shi.

Ya dawo Yamai da labari cike da baki, da tsarabar baƙin burodin ƙasar mai nauyi kamar tubali. Ya yanka a fada ya raba. Lawali ya gutsura, ya tauna, ya ci gaba da taunawa, idonsa ya kawo ruwa.

"Ƙasimu, tsakaninka da Allah, ba lalacewa ya yi a hanya ba?"

"Haka yake. Tsamin shi ne daɗin."

"Kai ka ci a can?"

Ƙasimu ya kurɓi shayi ya kalli titi.

"Ni shinkafa Farida ta dafa mini," ya ce.