Muryar Mijina a Kwamfutar da Aka Goge

A lokacin ni matar aure ce a Gyaɗi-Gyaɗi, ina ɗinki a gida, karatuna bai wuce sakandare ba. Mijina kuwa manhajar kwamfuta yake rubutawa. Da ya sayi wata tsohuwar laftof, ya daɗe yana shawara da abokansa kan irin Linux ɗin da zai sa mata. Ya ce mini Linux ita ce ke tafiyar da kwamfutar gaba ɗaya, kyauta ce, kuma iri-iri ce. Akwai mai hotuna kamar na waya, akwai wadda in an kunna baƙin allo kawai za a gani da ƙananan rubutu. Ya ɗauki ta biyun, wai laftof ɗin tsohuwa ce, ba ta son nauyi. Nakan tsokane shi cewa ya sayo talabijin da ba ta kama tasha, shi kuma ya ce keken ɗinkina ma ba ya nuna fim amma yana aiki.

A cikinta yake haɗa wa 'yarmu manhajar koyon karatu, saboda ba ta gani sosai. Da muryarsa ya naɗi haruffan da kalmomin, har da wuraren da dariya ta ƙwace masa. Bai gama ba Allah ya karɓi abinsa, bayan gajeriyar jinya.

Ina cikin takaba yayansa ya zo tattara kaya don rabon gado. Ya kunna laftof ɗin, ya ga baƙin allo, ya ce ta lalace, sai an gyara kafin a yi mata ƙima. Daga bayan labule na ce wa Yaya lafiyarta lau, haka marigayi ya tsara ta. Ya tambaye ni ko zan iya buɗewa in nuna masa. Ban iya ba. Cikin tausasawa ya ce in kwantar da hankalina in ji da takabata. Na nemi abokan marigayi, amma lambobinsu suna wayarsa, ita ma an tafi da ita.

Mai gyara a Tarauni bai taɓa ganin irinta ba. Ya goge komai, ya sa mata manhajar da kowa ya sani a madadin Linux ɗin. Da aka dawo da ita Yaya har murna yake yi, wai ta tashi. Daga baya wani abokin marigayi ya gwada ceto abin da ke ciki, bai samu ko harafi ɗaya ba.

Ban riƙe kowa a zuciya ba, babu wanda ya yi da mugunta. Amma ku masu wannan aikin, in kun zaɓi tsarin da ku kaɗai kuka gane, ku nuna wa na gida yadda ake buɗewa, ku ajiye kwafi a wani wurin. Ku kuma dangi, ku tambaya kafin ku kai kayan mamaci gyara. Yanzu ni nake karanta wa yarinyar haruffan. Tana saurare, amma wani lokacin takan ce ba haka Abbanta yake faɗa ba.