Jirgin da Na Canza wa Baba

Akwai abubuwan da shekaru suke gogewa daga kan mutum kamar yadda ake goge allo bayan an tashi daga aji. Wannan kam ya ƙi goguwa, kuma na san da shi za a kai ni kabari. Magana ce ta jirgin ruwa, abin da zai ba mutum dariya in ya ji shi a bakin Basakkwace, tunda mu ruwan da muka sani shi ne na Rima, shi ma sai da damina yake nuna shi gulbi ne.

Mahaifina tsohon ɗan kasuwa ne, yadi ya sayar har ƙarfinsa ya ƙare. Kakanmu da ƙafa ya je aikin Hajji, ya tsallake Bahar Maliya a jirgin ruwa, ya dawo ya cika wa ɗansa kunne da labarin ruwan da ba a hango ƙarshensa. Shi kuwa Baba da nasa Hajjin ya zo, jirgin sama ne ya kai shi, aka kuma ba shi kujerar tsakiya. Sau biyu ya ƙetare tekun, zuwa da dawowa, bai ga komai ba sai ƙeyar mutumin da ke gabansa. Yakan ba da labarin yana dariya, amma mu 'ya'yansa mun san abin yana ransa.

Autarmu ma'aikaciyar jinya ce a Jidda. Bayan rasuwar Inna ta ga Baba ya yi sanyi, sai ta shirya mana tafiya ta mako biyu: mu yi Umara, sannan mu shiga irin manyan jiragen ruwan nan na yawon shaƙatawa, waɗanda suke kamar unguwa guda a kan ruwa, mu yi kwana huɗu a teku. Baba, da ni, da matata, da ita. Ta kama mana wuri a wani kamfani, ta turo mini takardun ta waya. Na ce mata madalla, na ajiye ban karanta ba. Malamin labarin ƙasa ne ni, na shekara ashirin da wani abu ina zana wa yara Bahar Maliya da alli, don haka ban ga abin da takarda za ta ƙara mini ba.

Wanda bai san dattawanmu ba ba zai gane abin da ya biyo baya ba. A wurinsu tafiya ba daga filin jirgi take farawa ba, daga bankwana take farawa. Mutum zai bi 'yan'uwa da abokai gida gida, ya nemi gafara, a yafe masa ya yafe, a yi masa addu'a, a ba shi guzuri. Kwana biyu na yi ina tuƙa Baba, daga cikin gari zuwa kasuwa, har bayan motar ya cika da kilishi da dakuwa da goro.

Gida na ƙarshe a unguwar Gidan Dahala yake, gidan amininsa tun suna makarantar allo, mai sayar da hatsi, wanda muke kira Baffa. Tun da Baba ya bar shago, a gaban rumfar Baffa a kasuwa yake yini. Mun same shi a zaure, bai ko bari mun gama sallama ba.

"Kai da ko kwalekwale ba ka taɓa shiga ba, kai za ka hau teku? Mi za ka yo can, wanki?"

Baba ya juyo wurina. "Malam, ka ga wanga tsoho? Hassada za ta kashe shi."

"Ka dai kula da kanka," in ji Baffa. "Kada ka hwaɗa ruwa kihi su riga ni. Ni ad da wankanka."

"Kai dai jira ni in dawo. Kada ka yi gaggawa, na san halinka."

Ba wasa ba ne zalla. Tun suna samari suka ɗauki alkawari, duk wanda ya riga wani cikawa, na bayan ne zai yi masa wanka, ya sa shi a kabari da hannunsa. 'Ya'yansu duka sun san da maganar. Da za mu tashi Baba ya riƙe hannunsa ya ce in ya taɓa cutarsa ya yafe masa. Baffa ya ce in za a tsaya lissafin wannan sai jirgin ya tashi ya bar shi, amma ya yafe. Ya sa aka kawo garin fura a leda, ya ce ko a kan ruwa ne mutum ya san daga inda ya fito.

A yammacin ranar ce, saura kwana uku mu tashi, shaiɗanin karatu ya taso mini. Na buɗe takardun, na shiga neman bayanin jirgin. Na ga hoton mashaya, na ga wurin ninƙaya da mutane kwance a gefensa cikin suturar da ba ta kai a kira ta sutura ba. Na ci gaba da tono har na gano wani kamfanin da jirginsa ba a sayar da giya, akwai masallaci, abincin kuma ba sai ka yi tambaya ba. Aibinsa ɗaya, sai bayan wata guda zai tashi. Na kira autarmu.

"Yaya, Baba teku yake son gani," ta ce. "Ba wanda zai ja shi mashaya. Na taɓa shiga jirgin nan, akwai inda za mu zauna ba ruwanmu da kowa."

Na yi mata darasi na kusan rabin awa, da gabatarwa da misalai da kammalawa. Na ce mutumin da ya fito daga Umara ba a wuce da shi irin wannan wuri. Na ce wata guda ba komai ba ne ga wanda ya jira shekara saba'in. Wannan jimlar ta ƙarshe ta burge ni ƙwarai, har na maimaita ta.

"Ka tambaye shi?"

"Ni ne babba, na san abin da ya dace da shi."

Ta ce to. Kafin azahar ta washegari ta janye mu daga kamfanin farko, ta mayar da mu na biyu, ta ɗaga tikitin jirgin sama. Ba ta da laifi sai na ladabi.

Dama an shirya Baba zai kwana gidana a Arkilla, daga nan mu wuce filin jirgi. Ya iso da jakarsa da sabuwar hula, maƙwabta sun rako shi har bakin mota. Na bari ya sha ruwa, sannan na kawo masa albishir, don a ganina albishir ne. Na nuna masa hoton masallacin jirgin. Bai ko dubi wayar ba.

"Malam, na yi bankwana."

"Ai ba fasawa aka yi ba, Baba, ɗagawa aka yi."

"Na nemi gahwara. An ba ni guzuri. Mutane sun yi kuka. Gobe in koma in zauna bakin rumhwa su ce mi? Su ce Alhaji tekun ya ƙahe?"

Na ce ai sai a yi musu bayani. Ya dube ni irin kallon da yake yi wa mai taya yadi da farashin wauta. A wurinsa dattijon da ya yi sallama da gari kuma aka gan shi washegari yana yawo, ya zama abin labari har ya mutu. Ya san bakin Baffa, ya san na sauran 'yan rumfar.

Shawarar da ya yanke ita ce zai zauna a gidana har ranar tafiyar. Ya kashe wayarsa, dama ya gaya wa kowa layinsa ba zai yi aiki a can ba. Ya ce kada in bi ta kasuwa, kada in leƙa cikin gari. In mun je mun dawo, mutane za su ɗauka tafiyar ce ta yi tsawo. Ƙarya kam ya ce ba zai yi ba. "Na ce musu zan yi tahiya. Arkilla ma tahiya ta."

Na yi dariya a lokacin. Har na ba matata labari a matsayin abin raha.

Haka Baba ya zauna a ɗakin baƙi, jakarsa a ɗaure bai kwance ba. Yana sallah a masallacin rukunin gidajenmu, cikin ma'aikatan gwamnati da ba su san shi ba, suna ce masa baban Malam. Mutumin da in ya ratsa kasuwa sai ya yi awa guda yana amsa gaisuwa, ya koma zama a baranda yana kallon keke Napep suna wucewa. Kowace rana yakan tambaye ni yau kwana nawa ya rage. Mako biyun da ya kamata mu je mu dawo suka cika, muna nan.

Bayan haka da kwana uku, ina ofishin malamai ina duba takardun jarrabawa, wayata ta yi ƙara. Babban ɗan Baffa ne. Na riƙe ta a hannu ina kallon sunan. In na ɗauka, zai ji muryata tangaram, ya tambaye ni yaushe muka sauka, ni kuma ko in yi ƙarya ko in tona asirin Baba. Na ajiye ta a kan tebur har ta katse. Ta sake yi, ta sake katsewa. Na koma kan takarduna, na ci gaba da zagaye kurakuran 'ya'yan mutane da jan biro.

Kwana biyu bayan nan na tsaya shan mai a Sama Road. Wani mai sayar da buhuna a layin su Baffa ya hango ni daga kan babur.

"A'a, Malam! Yaushe kunka sauka? Kai, ashe da kwana guda kunka rasa jana'izar."

Na ce jana'izar wa.

Ban san yadda na kai motar gida ba. Na tarar da Baba ya idar da la'asar yana kan darduma. Ni da nake iya tsara magana a gaban aji na mutum sittin, na durƙusa na kasa haɗa kalma uku. Da ya gane, ya yi salati, ya sake yi. Sannan ya tambaye ni abu ɗaya.

"Wa ya yi mai wanka?"

Na ce ban sani ba.

Ya tashi ya kwance jakar nan a karon farko, ya ciro babbar rigar da ya ɗinka don tafiya, ya sa. Muka nufi Gidan Dahala. Ƙofar gidan cike take da masu zaman makoki, kusan duk mutanen da ya bi ya yi wa bankwana suna kan tabarmi. Aka yi ta matsa masa wuri, wani ya ce sannu da hanya, wani ya ce yaushe aka sauka. Da ya yi shiru da ya wadatar, ba mai matsa wa mutum da tambaya a wurin makoki. Bai yi shirun ba.

"Ban tahi ba," ya ce, da muryar da na can ƙarshen tabarma ya ji. "An ɗaga tahiyar. Ina Arkilla. Kunya ta hana ni hitowa."

Ba wanda ya yi dariya. Gudun dariyar nan ne ya sa ya ɓuya kusan mako uku, ga shi ba wanda ya ko yi murmushi. Babban ɗan Baffa ya matso ya durƙusa a gabansa. Ya ce ciwon kwana biyu ne, a asibiti. Ya ce mahaifinsu ya yi ta tambaya ko jirgin ya dawo, har ya sa aka kira layin Baba, aka kira nawa. Da ba a samu ba suka ce masa wataƙila mun ƙara kwanaki wurin autarmu. Limamin unguwa ne ya yi masa wanka. Ɗan nasa bai dube ni ba lokacin da ya ambaci layina, kuma har yau ban san ko ladabi ne ko wani abu ba.

Daga nan muka wuce maƙabarta, aka nuna mana wurin, ƙasar ba ta bushe ba. Baba ya tsuguna ya daɗe yana addu'a. Na ja baya don kada in ji abin da ba nawa ba.

A mota na gaya masa maganar kiran wayar. Ban rage komai ba. Na so ya zage ni, da ya fi mini sauƙi. Yana kallon titi ya ce, "Ni kunya, kai karatu. Kowa da abin da ya hana shi. Kai ni gida." Ba Arkilla yake nufi ba.

Jirgi na biyu ya tashi a ranarsa, da masallacinsa da abincinsa na halal, babu ko ɗayanmu a ciki. Autarmu ta yi roƙo har da kuka, Baba ya ce ya gode, amma shi ya gama da teku. Ya ƙara shekara uku a duniya. Kullum da safe yakan je ya zauna a gaban rumfar nan, inda 'ya'yan Baffa suke auna gero, ba ya cewa komai sai in an gaishe shi. Bai sake tayar da maganar ba ko sau ɗaya, ni ma ban samu ƙarfin tayar da ita ba.

Na sha juya lissafin a raina, kuma amsa ɗaya yake bayarwa. Da na bar takardun nan yadda autarmu ta turo su, da Baba ya ga tekunsa, ya dawo ya tarar da amininsa da rai, ya sha tsokana, ya cika alkawarinsa. Jirgin da na zaɓa ya fi na farko, wannan har gobe ban janye ba. Amma ba ni zan zaɓa ba. Mutumin yana nan da ransa da hankalinsa, tsakanina da shi tafiyar minti ashirin ce, ban je na tambaye shi ba.

Abin da na koya ke nan, kuma ban same shi a littafi ba. In za ka gyara wa dattijo abu, ka fara zuwa ka durƙusa ka tambaye shi, don akwai abin da ya riga ya ɗaura a kan ranar da kai ba ka gani. Kuma kada ka taɓa cewa wata guda ba komai ba ne ga tsoho. Yanzu ko a tsakiyar darasi wayata ta yi ƙara, nakan ba yara haƙuri in fita in ɗauka.