Inuwar Hafsa a hannun Inna

"Tsaya cak, kar ki motsa," na ce wa 'yata Hafsa. Ranar la'asar ta kwantar da inuwarta a jikin bango. Na manna kwali, na bi gefen fuskarta da fensir, na yanke da almakashi.

Mahaifiyata na kai wa a Rurum, don idonta ya daina ganin hoton waya, ga shi aiki zai mayar da mu nesa.

Ta daɗe tana shafa kwalin da yatsa kamar mai mafarki. Da ta zo goshi sai ta tsaya.

"Wannan ai goshin babanku ne, Allah ya jiƙansa."

"Inna, jikarki ce fa."

"Na sani. Bar min su, su biyun."

Wallahi ban taɓa lura ba. Ku wa kuke gani a fuskar 'ya'yanku?